Gwajin hanta na ALT: yanda ake yinsa a Zariya da yanda zaka fahimci takardar

Ni ban san ina dauke da ciwon hanta ba sai ranar da naje bada jini. Kanwata ce ta haihu ta zubar da jini sosai aka ce a nemo masu bayarwa, muka tafi mu uku, aka dan dibi na kowa aka shiga dashi, can sai ma'aikacin ya fito ya jawoni gefe yace Malam naka bazai yiwu ba, ka daure kaga likita. Wallahi a lokacin lafiyata kalau, ina cin tuwona ina zuwa kasuwa, idona fari tas babu alamar shawara ko kadan. Daga nan ne na fara jin ana cewa ALT da AST, kuma yau shekaru kenan duk bayan wata shida sai na mika hannu an diba. Shiyasa nace bari in zauna in rubuta yanda abun yake daki daki, saboda ina ganin yan uwa da yawa suna karbo takardar sakamako su rike ta suna rawar jiki, wasu kuma su ninke su jefa a aljihu su wuce wajen mai magani.

Da farko menene ma ake aunawa. Hanta tana nan a bangaren dama karkashin hakarkari, ita ke tace jini, ita ke sarrafa abunda muka ci da magungunan da muka sha, ita ke hada madaciya da sinadaran da suke sa jini ya tsaya in an yanke. A cikin kwayoyin halittarta akwai wasu sinadarai da take aiki dasu, masana suna ce musu enzayim, kuma wanda yafi zama nata na kanta shine ALT. A wasu takardun zakaga an rubuta SGPT, tsohon sunansa ne, abu daya ne. Dan uwansa shine AST ko SGOT, shi kuma bayan hanta akwai shi a zuciya da tsokar jiki da jajayen kwayoyin jini. Wurin zamansu cikin hanta ne, kadan ne kawai ya kamata a samu a jini. To in wani abu yana cutar da hantar sai su tsiyayo su yi yawa a jinin. Kaman ka shiga shago ne da safe kaga tsabar gero a kasa, ka san dai buhu ya huje, amma tsabar bazata gaya maka bera ne ko kusa ce ko buhun ne ya tsufa ba, sai ka daga ka duba. Haka ALT yake, yana nuna akwai yoyo, neman dalilin kuma aiki ne na daban, kuma nan ne mutane suke kuskure.

Wa ya kamata yayi gwajin? Duk wanda aka taba ce masa yana da kwayar cutar hanta ta hepatitis B ko C, ko a wajen bada jini ne ko gwajin aure ko awon ciki. Wanda idonsa yayi dorawa, ko fitsarinsa ya koma kaman ruwan shayi, ko yake fama da kasala da rashin son abinci da tashin zuciya da nauyi a gefen dama. Mai ciwon suga da mai teba, domin kitse yana taruwa a hanta shiru shiru. Wanda yake kan maganin tarin TB, saboda cikin magungunan akwai masu taba hanta, masu karbar magani a asibitin TB na Saye ko wani wurin sun san ana gargadinsu akan idon da yayi dorawa. Masu shan maganin farfadiya da na rage kitsen jini da wasu na kanjamau. Mai shan giya ko a boye ne. Sai kuma mu da muke shan jike jike da tsimi da maganin basir da na sanyi da na karfin maza ba kakkautawa. Kuma in a gidanku an taba rasa wani da kumburin ciki ko aman jini ko aka ce kansar hanta ce, kar ka jira komai, kaje. Binciken kasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na yan shekara 15 zuwa 64 a Najeriya suna dauke da hepatitis B, mai C kuma kusan 1 cikin 100. Ka kirga sahu daya a masallacin unguwarku kaga abunda hakan ke nufi.

Matakin farko shine kaga likita kafin kaje dakin gwaji. Nasan da yawa zasu ce ai kudin kati da layi, gara kawai in shiga leb in biya a min. Zaka iya, amma matsalar shine zaka fito da lambobi babu mai fassara maka su, kuma watakila ba ALT kadai kake bukata ba. A Zariya alhamdulillahi bama rasa wurin zuwa, ga asibitin koyarwa na ABU a Shika, ga Gambo Sawaba a Kofar Gayan, ga na Wusasa, ga kananan asibitoci a Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada. Likita zai rubuta maka LFT a takarda, wato jerin gwaje gwajen hanta gaba daya, a ciki akwai ALT da AST da ALP da bilirubin da albumin, wani lokacin da GGT. In baka taba gwajin hepatitis ba ka roki a hada maka da HBsAg, wato gwajin hepatitis B, da na C a diba lokaci daya, huda daya ta wadatar. In a waje zakayi ka zabi dakin gwaji mai rajista da MLSCN, hukumar da ke kula da dakunan gwaji a Najeriya, kuma ka tambayi kudin tun kafin a diba domin farashi yana bambanta daga wuri zuwa wuri kuma yana canzawa.

Mataki na biyu, kuma a wajena shine mafi muhimmanci duk da mutane sun fi raina shi, ka tattara duk abunda kake sha ka zuba a leda kaje dashi. Duka nake nufi. Farasitamol din da kake balla in kai ya sara, maganin kashe radadi da kake siya a kemis, kwalbar da aka aiko maka daga kauye, garin da kake zubawa a kunu, kwayoyin kara kiba ko rage teba da ake talla a Facebook da TikTok, mata kuma harda kayan mata da na gyaran jiki. Kar kaji kunyar likita, ba alkali bane. Akwai wani abokin sana'ata da ALT dinsa ya haura 300, aka yi ta gwaje gwaje ba B ba C, sai a zuwa na uku matarsa ce ta bude baki tace likita akwai fa wata jarka da yake sha safe da yamma. Aka ce ya ajiye ta, bayan yan makonni lamba ta sauko. Da ya fada tun ranar farko da bai kashe kudin da ya kashe ba. Shi kansa farasitamol da muke gani kaman ba komai ba, babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato kwaya 8 na mai miligiram 500, kuma yawancin maganin mura akwai shi a ciki, sai mutum ya hada biyu ko uku bai sani ba. Mai ciwon hanta ma kasa da haka ake so, likita ne zai yanka masa. Amma fa kar ka tsayar da maganin da asibiti suka doraka akai da kanka saboda zakayi gwaji, musamman na TB ko na kanjamau ko na farfadiya, ka fada dai kawai.

Batun cin abinci kuwa, ALT shi kadai baya bukatar a zauna da yunwa. Sai dai sau da yawa ana hada shi da gwajin suga ko na kitsen jini, su kuma suna son awa 8 zuwa 12 ba'a ci komai ba sai ruwa, dan haka ka tambaya tun ranar da aka rubuta maka. Ni dai na saba zuwa da sassafe ban karya ba, in an gama in nemi koko da kosai a bakin geti. Ka sha ruwa sosai domin jijiya tafi fitowa. Kwana biyu ko uku kafin gwajin ka dan saurara da aiki mai tsanani, irin daga karfe ko buga kwallo ko dakon buhu ko huda a gona, domin tsoka in ta wahala tana sakin AST har ma da ALT, sai a dauka hanta ce. In an maka allura a duwawu a kwanakin shima ka fada. Masu tambaya akan azumi, malamai da yawa sun yi bayanin cewa dan jinin da ake diba don gwaji baya karya azumi.

Ranar gwajin kuma ba wani abu bane mai tsawo. Zaka biya, a baka rasit, ka zauna a kira sunanka. Za'a daure maka dantse da roba, a goge gwiwar hannu ta ciki da auduga da sifirit, a ce ka dunkule hannu, a soka allura a dibi jini kimanin karamin cokali daya a zuba a yar kwalba. Ka bude idonka kaga an yage ledar sabuwar allura a gabanka, kuma ka tabbatar an rubuta sunanka ko lambarka a jikin kwalbar kafin ka tashi, wannan hakkinka ne kuma ma'aikacin kirki bazai ji haushi ba. In an zare ka danne audugar minti biyu zuwa uku hannu a mike, kar ka murza, murzawa ce ke sa wurin yayi baki. In kana cikin masu jiri in sun ga jini ka fada tun farko a kwantar da kai. Sakamako yakan fito a ranar ko washegari, a babban asibiti yana iya dan daukan lokaci saboda yawan jama'a.

To yanzu ga takarda a hannunka. Zakaga layi layi, sunan gwaji, sai lambarka, sai wasu lambobi biyu a gefe da suke nuna iyakar da ake dauka lafiya. Da wadancan na gefen zaka gwada taka, domin kowane dakin gwaji da injinsa da ma'auninsa. Yawanci zakaga iyakar ALT da AST wajen 40 U/L, wasu wuraren har 50 da yan kai. Shiyasa nake ba mutane shawara su rike wuri daya in zai yiwu, kar yau Samaru gobe PZ jibi Danmagaji sannan ka zauna kana kwatanta lambobin da ba inji daya ya fitar dasu ba.

In lambar ta dan haura, misali 55 ko 70 ko 90, kar hankalinka ya tashi har ka kasa barci, amma kuma kar ka share. Irin wannan ana yawan ganinsa da kitse a hanta, ko magani, ko hepatitis mai cin mutum a hankali, ko bayan zazzabin cizon sauro ko taifot. Yawanci likita zai ce a cire abunda ake zargi a sake gwadawa bayan yan makonni, a hada da sikanin na ciki. In ta kai daruruwa to akwai abunda ke faruwa yanzu yanzu kuma bincike baya jira. In kuwa ta haura 1000, abubuwan da aka fi zargi sune sabon kamuwa da hepatitis ko tashinsa, ko guba ta magani irin farasitamol da ya wuce kima, ko jini ya kasa isa hanta, wannan a ranar ake komawa asibiti ba gobe ba. In AST ya ninka ALT sau biyu likitoci sukan yi tunanin giya. In AST ne kadai ya hau ALT yana nan daidai sai a duba tsoka ko zuciya, ko ma jinin ne ya fashe a kwalba wajen diba ko ya dade a ajiye cikin zafi. Ya taba faruwa dani a wani karamin wuri, AST ya fito da yawa na kwana ina juyi, likitana ya kalla yace Malam sake min shi a wani wurin, aka sake ya fito lafiya.

Sauran layukan a takaice. ALP yana hawa in hanyar madaciya ta toshe, misali da tsakuwa, amma yana fitowa daga kasusuwa ma, shiyasa yara masu girma da mata masu ciki nasu yake da yawa ba tare da wata cuta ba. GGT shi ke taimakawa a gane ko daga hanta ne. Bilirubin shine abun da ke sa ido yayi dorawa, kuma ba kowace shawara bace daga hanta, masu sikila da wanda maleriya ta fasa masa jini suma idonsu na canzawa. Albumin kuma hanta ce ke kera shi, ana son ganinsa wajen 35 zuwa 50 g/L, in yayi kasa sosai yana iya nuna hantar ta fara gajiya, shi ke kawo kumburin kafa da ruwa a ciki.

Ga wani abu da nakeso kowa ya rike. ALT dinka ya fito daidai baya nufin baka da hepatitis, kuma baya nufin hanta bata da tabo. Mutum zai iya daukan kwayar B shekara da shekaru lambarsa tana kyau, kuma hantar da ta riga ta kankance ta taurare wani lokacin bata da sauran abun tsiyayarwa da yawa sai lambar ta fito kaman ta mai lafiya. Shiyasa raina yake baci in naji masu lasifika a mota suna cewa sha kwalba uku ka koma ka gwada zakaga ta sauka. Lambar ai dama tana hawa tana sauka da kanta a masu B, saukarta a wata daya ba warkewa bace. Mahaifiyata da kanta ta taba aiko min da maganin shawara, nace Inna kiyi hakuri likita ya hana, tace ai kakanninku dashi suka rayu, na zauna na nuna mata takarduna daya bayan daya har ta hakura, kuma nasan kauna ce tasa ta aiko. Hantar da take fama da kwayar cuta ka kara mata abunda baka san me aka hada a ciki ba kuma ba'a auna ba, nauyi ne akan nauyi.

In HBsAg dinka ya nuna kana dashi, ga yanda tafiyar take. Za'a so a sake dubawa bayan wata shida, domin babban mutum da ya kamu sabo yawanci jikinsa yana korar kwayar da kansa, in har yanzu tana nan bayan wata shida to ta zauna. Sai a auna yawan kwayar a jini, gwajin da ake cewa HBV DNA, yafi sauran tsada amma shi ke raba gardama. A ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, daya daga cikin dalilan fara magani shine kwayar ta wuce 2000 IU/mL kuma ALT ya wuce 30 ga namiji ko 19 ga mace. Ka lura wannan iyakar tafi ta jikin takardar leb kankanta, dan haka mace mai B da ALT dinta yake 35 kar tace ai bai kai 40 ba shikenan, ta kaiwa likita ya duba. Akwai kuma lissafin da suke yi da AST da yawan kwayoyin da ke tsayar da jini dan su kiyasta ko hanta tayi tabo, ana ce masa APRI. Maganin da aka fi bayarwa shine tenofovir ko entecavir, kwaya daya a rana, yana danne kwayar ya kare hanta, amma ba'a fara shi da ka kuma ba'a ajiye shi da ka, domin in an yanke kwatsam ciwon na iya tasowa da karfi. Shi kuwa C yanzu ana warkewa daga shi da maganin kimanin sati 12.

Kuma in an sameka dashi to gidanka gaba daya suna bukatar gwaji, mata da yara da yan uwan da kuke ciki daya, wanda bashi dashi a masa rigakafi, allura uku ce, ta farko, sai bayan wata daya, sai a wata na shida. Jariri kuma a tabbatar an masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haihu a daure a kaishi, domin wanda ya dauka yana jariri shine ciwon yafi zama a jikinsa har girma. Ba'a daukansa ta gumi ko cin abinci kwano daya ko musabaha, kar a ware mutum a gida ana ware masa kofi, wannan yana karya zuciya ba gaira ba dalili. Inda ake kula shine jini, askar wanzami da reza da kaho da abun yankan farce na masu yawo da allurar da aka yi amfani da ita, sai kuma saduwa. Ni yanzu da injin askina nake zuwa shagon aski. Gyada da masarar da suka yi fumfuna ma a kiyaye su, akwai guba a ciki da in ta hadu da B take kara hadarin kansar hanta, mu kuma nan kasar masara ce, in ba'a shanya ta ta bushe sosai ba kafin a zuba a buhu sai ta lalace daga ciki.

Akwai alamomin da in an gansu ba'a tsayawa neman leb ko jiran sakamako, asibiti ake nufa kai tsaye ko da tsakar dare ne. Aman jini, ko kashi baki kaman kwalta, ko ciki ya kumbura, ko ido yayi dorawa sosai ga yawan barci da rudewa mutum yana magana ba kan gado, ko jini daga dasashi da hanci yaki tsayawa. Haka wanda ya hadiyi farasitamol da yawa lokaci guda, ko yana cewa lafiyarsa kalau a kaishi nan take, domin barnar sai bayan kwana daya ko biyu take bayyana kuma maganin karya shi yafi aiki a awannin farko. Mai ciki da idonta ya canza ko take ciwon gefen dama da hawan jini itama kar a kwana da ita a gida.

Abu na karshe da zakayi bayan ka dawo daga wajen likita, ka samu fayil ko leda mai kauri ka ajiye takardar, ka dauki hotonta a waya, ka rubuta kwanan wata a littafi da lambar ALT da AST da abunda kake sha a lokacin. Likita yafi karuwa da jerin takardu hudu ko biyar da yake ganin inda lambar ta dosa akan guda daya tal. Ka tambayeshi yaushe zan dawo kafin ka fito daga ofis, ka sa a wayarka ta tuna maka. Mu masu B yawanci duk wata shida ne, gwajin jini da sikanin na ciki, wani lokacin da AFP, gwajin jini na neman alamar kansar hanta. Nawa na gaba bayan sallah ne, kuma wannan karon da yayana zamu tafi, ya dade yana ce min sai ya samu lokaci, na gaya masa Yaya ranar ni zan zo in daukeka da kaina tun bayan asuba mu kama hanyar Shika kafin layi yayi tsawo.